Babi na Uku: Gaskiya Biyu, Ƙarya Ɗaya

Me ya sa za a tara manya masu iyali a ɗakin taro, a ce kafin a shiga abin da ya kawo su sai kowa ya faɗi abubuwa uku game da kansa, biyu gaskiya, ɗaya ƙarya, sauran jama'a su canki wanne ne ƙaryar? Wannan tambaya ce da ake yawan ji daga bakin waɗanda suka fara cin karo da wasan a taron bita, ko a sansanin masu yi wa ƙasa hidima, ko a ranar farko ta wani kwas, kuma sau da yawa wata tambayar da ta fi ta nauyi takan biyo baya: ashe akwai inda ƙarya take zama wasa? Duka biyun suna bisa hanya, amma amsarsu ba ta fitowa sai an fara duba matsalar da wasan ya zo warwarewa, wato yadda mutanen da ba su san juna ba za su buɗe baki su yi hira alhali babu na ukun da zai gabatar da wani ga wani.

Unguwar da aiki ya haɗa

Birnin Gombe ya dace da wannan nazari, domin tun asalinsa matattarar baƙi ne. Masarautar da Modibbo Bubayero ya kafa a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta fara zama ne a Gombe Abba, Turawan mulkin mallaka suka mayar da hedikwatarta Nafada a 1913, sannan a 1919 aka kawo ta mazauninta na yanzu. Cinikin auduga da gyaɗa da isowar layin dogo a farkon shekarun 1960 sun jawo fatake da ma'aikata daga nesa, sai kuma a ranar 1 ga Oktoba, 1996, gwamnatin Janar Sani Abacha ta cire Jihar Gombe daga Jihar Bauchi, garin ya wayi gari fadar jiha, ma'aikatan gwamnati suka kwararo cikinsa da iyalansu. An buɗe Jami'ar Jihar Gombe a 2004, daga baya kuma rikicin Boko Haram ya koro mutane masu yawa daga Borno da Yobe, waɗansu suka koma, waɗansu suka yi zamansu.

Unguwar Federal Low-Cost, wadda ta gaji sunanta daga shirin gwamnatin tarayya na gina gidaje masu sauƙin kuɗi, tana nuna irin zaman da wannan tarihi ya haifar. A tsohuwar unguwa mutum ba ya buƙatar gabatar da kansa, domin da an ce ɗan gidan wane ne, an san kakansa, an san sana'ar gidansu, an san gidajen da suke auratayya da su. A unguwar da aka tsara da layuka da lambar gida kuwa, abin da ya haɗa maƙwabta shi ne takardar canjin wurin aiki, ko kuɗin haya, ko kusanci da ofis, saboda haka Bafulatani daga Dukku yana iya raba katanga da Batangale daga Billiri, a gabansu ɗan ƙabilar Tera daga Yamaltu, a bayansu ɗan kasuwa Ibo mai shagon magani. Gaisuwa ba ta yankewa a tsakaninsu, amma ita gaisuwar Hausa ba a gina ta don ba da labari ba: ana tambayar kwana da gajiya da iyali da aiki, amsar kuma kullum lafiya lau ce da godiya, ko da mai amsawar daga asibiti yake. Mutum biyu suna iya shafe shekaru suna wannan musaya safe da yamma ba tare da ɗaya ya san garin da aka haifi ɗayan ba.

Matsalar takan fito fili idan aka tara irin waɗannan mutane a wuri ɗaya aka ce su yi aiki tare, kamar a kwamitin unguwa, ko a horon da ƙungiyoyi masu zaman kansu suke shiryawa, ko a sansanin shirin bautar ƙasa da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1973 musamman don cakuɗa matasan sassan ƙasa bayan yaƙin basasa. Idan aka ce kowa ya gabatar da kansa, abin da ake samu shi ne suna da muƙami da ma'aikata, kuma kafin na goma ya zauna an manta da na farko. Wasan gaskiya biyu da ƙarya ɗaya yana daga cikin dabarun da jagororin taro suke kira wasannin sabo, wato gajerun wasannin da ake buɗe zama da su domin jiki ya saki, baki ya buɗe.

Yadda ake yin sa

Dokokinsa ba su da yawa. Ana ba kowa 'yan mintuna ya shirya zance uku a kan rayuwarsa, ya faɗe su da murya ɗaya ba tare da ya nuna wanda ya ƙaga ba, a waɗansu wuraren a ba jama'a damar yi masa tambaya ɗaya ko biyu, sannan a ɗaga hannu a zaɓa, shi kuma ya fayyace. Wanda ya yi canka kawai ba tare da tunani ba yana da damar dacewa sau ɗaya cikin uku. Ba a san wanda ya ƙirƙiri wasan da suna ba, amma danginsa sun daɗe a gidajen talabijin, irin shirin To Tell the Truth da aka fara a Amurka a 1956, da Would I Lie to You? da BBC ta fara nunawa a 2007.

A ɗauki misalin wata malamar makaranta, Bafulatana, da ta miƙe a taron horo ta gyara hijabinta ta ce an haife ta a Agege ta Legas, ta ce ta taɓa tuƙa tarakta a gonar mahaifinta da ke Dadin Kowa, ta ce kuma babu abincin da take so kamar fura da nono. Kusan duk hannayen ɗakin za su tashi a kan taraktar, 'yan kaɗan a kan Legas, ita kuwa fura babu mai ko kallonta. Idan ta ce ai furar ce ƙarya, ko warin nono ba ta so, dariya za ta ɓarke, wani dattijo ya ce, "Haba Malama, Bafulatana guda?", kuma a lokacin hutun shan shayi za a ga mutum uku sun kewaye ta suna tambayar yadda aka yi ta hau tarakta. Ƙaryar ta gama aikinta tun a ɗakin, abin da ya bi ta waje gaskiyar nan biyu ne.

Kunya da yabon kai

Dalilin da ya sa malamar ba za ta taɓa faɗin labarin taraktar da kanta ba, in ba don wasan ba, shi ne tarbiyyar da ta taso a cikinta. Bahaushe ya ce yabon kai jahilci, kuma wanda ya cika ba da labarin kansa a cikin mutane ana yi masa kallon mai cika baki ko marar kamun kai. A wajen Fulani, waɗanda suke da babban kaso a al'ummar Gombe, abin ya fi haka tsanani, domin pulaaku, wato tsarin halayen da ake sa ran gani ga cikakken Bafulatani, ya ɗora kunya da haƙuri da hankali a sahun gaba, har ya zama nuna yunwa ko zafin ciwo ko ɗoki a gaban mutane abin gudu ne. Al'adar ta tanadi waɗanda za su faɗi alherin mutum a madadinsa: maroƙi ya yi masa kirari, aboki ya gabatar da shi, dattijo ya shaide shi wajen neman aure. Matsalar ɗakin taro ita ce babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a ciki.

Abin da wasan yake yi shi ne ya ɗauke wa mai magana nauyin zancensa. Tun da doka ce ta ce ya faɗa, ba a ce ya yabi kansa ba; tun da kuma ɗaya daga cikin ukun ƙarya ce, duka ukun suna fita ne a rataye, babu wanda ya tsaya a kansa ya ce shi ne, sai bayan jama'a sun yi gardama sun nemi sani da bakinsu. Da haka labarin ya tashi daga alfahari ya koma amsar tambaya, kuma amsa tambaya ba ta karya kunya.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa sabo yana ginuwa ne ta hanyar bayyana kai, wato mutum ya sanar da wani abin da ba zai gani a fuskarsa ko tufafinsa ba, shi ma ɗayan ya rama. Irwin Altman da Dalmas Taylor sun bayyana a 1973 cewa wannan bayyanawa daki-daki take tafiya, daga abubuwan sama-sama zuwa na ciki, kuma wanda ya tsallake matakai yakan firgita abokin hirarsa maimakon ya jawo shi. A 1997 Arthur Aron da abokan aikinsa suka haɗa ɗalibai da ba su san juna ba bibbiyu, suka ba waɗansu tambayoyi 36 da suke ƙara zurfi sannu a hankali, waɗansu kuma tambayoyin hirar yau da kullum, bayan minti 45 rukunin farko ya fi nuna jin kusanci da juna. Wasan gaskiya biyu bai kai wannan zurfi ba, kuma bai kamata a ɗora masa abin da ba zai iya ɗauka ba. Matakin farko ne kawai, amma matakin da gaisuwa ba ta takawa.

Labarin zuciya, a tambayi fuska?

Kusan duk wanda ya zauna yana sauraron zance ukun yana ji a ransa cewa zai gane ƙaryar daga idon mai magana, ko rawar muryarsa, ko yadda yake murza yatsu. Bincike bai goyi bayan wannan yarda da kai ba. A 2006 Charles Bond da Bella DePaulo sun tattara sakamakon nazarce-nazarce 206 da suka ƙunshi mutane fiye da 24,000 da aka sa su bambance mai gaskiya da maƙaryaci, suka tarar matsakaicin dacewa kashi 54 ne cikin 100, a inda jefa kwabo sama ma zai ba da kashi 50. Mutane sun fi iya gane gaskiya a matsayin gaskiya, da kashi 61, a kan gane ƙarya a matsayin ƙarya, wanda bai wuce kashi 47 ba, saboda ɗan Adam a bisa ɗabi'a yana ɗaukar abin da aka gaya masa a matsayin gaskiya har sai wani dalili ya tayar masa da shakka.

Batun ido ya cancanci a tsaya a kansa. A wani binciken da shi ma aka buga a 2006, wanda ya shafi ƙasashe 58, alamar da mutane suka fi ambata a matsayin shaidar maƙaryaci ita ce kawar da ido, kusan biyu cikin kowane mutum uku suka faɗe ta, alhali nazarin da DePaulo da abokan aikinta suka yi a 2003 a kan alamomi 158 ya nuna kusan babu wata alaƙa tsakanin kawar da ido da yin ƙarya. A ƙasar Hausa kuwa alamar ta fi rashin amfani, domin yaron da aka yi wa tarbiyya ba ya zuba wa babba ido, mace ba ta ƙura wa namijin da ba muharraminta ba ido, ƙaramin ma'aikaci yakan sunkuyar da kai a gaban shugabansa. Wanda ya ɗauki sunkuyar da kai a matsayin shaidar ƙarya a ɗakin taro a Gombe, mafi ladabin mutanen ɗakin zai tuhuma.

To idan fuska ba ta ba da labarin, da me masu canka suke aiki? Da abin da suka riga suka ɗauka game da irin wannan mutum. Hannayen da suka tashi a kan taraktar malamar nan ba wata alama suka gani a jikinta ba, sun dai yanke cewa mace mai hijabi ba ta tuƙa tarakta, Bafulatana kuma ba ta ƙin nono. Haka idan ɗan kasuwar nan Ibo ya ce a Gombe aka haife shi, yana jin Fulatanci, kuma duk Kirsimeti yana tafiya gabas, mafi yawa za su ƙaryata Fulatancin su gaskata tafiyar, ko da kuwa shekara da shekaru a unguwar yake yin bikinsa. Ƙwararrun 'yan wasan sun san wannan, shi ya sa suke ɓoye ƙaryar a cikin zancen da ya fi kama da su, su bar gaskiya mai ban mamaki a fili ta ja hankali. A nan ne wasan ya fi amfani ga unguwa irin Federal Low-Cost, domin yana nuna wa mutum zaton da yake yi wa maƙwabcinsa cikin raha, a wurin da kuskuren bai jawo komai ba sai dariya.

Ƙarya ce ko ba ƙarya ba ce?

Masu ƙin wasan saboda addini ba a banza suke magana ba. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito hadisin da ya yi gargaɗi mai tsanani ga wanda yake ƙarya don ya ba mutane dariya, Abu Dawud kuma ya ruwaito alƙawarin gida a tsakiyar Aljanna ga wanda ya bar ƙarya ko da wasa yake yi. An kuma san cewa barkwancin Annabi (SAW) ba ya fita daga gaskiya, kamar lokacin da wani ya roƙe shi abin hawa ya ce zai ɗora shi a kan ɗan taguwa, mutumin ya yi mamakin me zai yi da ɗan taguwa, aka tuna masa cewa kowane raƙumi taguwa ce ta haife shi. Malamai suna kiran irin wannan tauriya, wato magana mai fuska biyu wadda mai sauraro yake ɗaukar ta kusa, mai magana kuma yana nufin ta nesa, ba tare da ya faɗi abin da ba haka ba. Kiristocin ɗakin ma suna da dokar da ta hana shaidar zur a cikin dokoki goma.

Masu ganin babu laifi suna kafa hujja da cewa illar ƙarya ita ce a bar mutum da imani a kan abin da ba haka yake ba, a nan kuwa an sanar tun farko cewa ɗaya ba gaskiya ba ce, kowa ya yarda ya shiga, kuma ba a tashi sai an bayyana ta. Suna bambanta wannan da labarin mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir, wadda ta kira ɗanta da alƙawarin ba shi wani abu, Annabi (SAW) ya gaya mata cewa da ba ta ba shi komai ba da an rubuta mata ƙarya, domin shi yaron gaskatawa yake yi. Suna kuma nuni da cewa Bahaushe ya daɗe da sanin zancen da aka kewaye da shinge: mai tatsuniya tana buɗewa da ga ta nan ga ta nanku, ta rufe da ƙurunƙus tana mai amsa cewa ƙarya ta shara, kuma babu wanda ya taɓa kai ta ƙara gaban alƙali saboda ta ce gizo ya yi magana. Gwada fahimtar jama'a da tambaya ma yana da asali, domin Buhari ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya tambayi sahabbai wace bishiya ce ganyenta ba ya zuba kuma take kama da Musulmi, Abdullahi ɗan Umar ya gane dabino ce amma kunya ta hana shi faɗa saboda shi ne ƙarami a wurin.

Jagoran taro ba mufti ba ne, kuma ba aikinsa ba ne ya tilasta wa wanda zuciyarsa ba ta natsu ba. Akwai sigar wasan da ta kauce wa gardamar baki ɗaya, inda ake faɗin abu biyu da suka faru da kuma buri ɗaya da bai cika ba, jama'a su canki wanne ne burin. Wannan siga sau da yawa ta fi ta asalin armashi, domin burin mutum, ko zuwa Makka ne ko komawa makaranta, yana faɗin wani abu game da shi, ƙagaggen zance kuwa da an tona shi ya zama fanko.

Inda wasan yake ɓaci

Yana ɓaci idan aka manta da girma. Ba kowane ƙaramin ma'aikaci ne zai iya ɗaga hannu ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ce ƙaryar," ga daraktan da yake sa hannu a takardar ƙarin girmansa ba, kuma ba a haɗa suruki da surukinsa, ko malami da almajirinsa, a ce ɗaya ya ƙaryata ɗaya. Inda tazarar ta yi yawa, gara a raba mutane ƙananan rukunai na tsara, ko a rubuta zaɓi a takarda. Haka nan akwai abin da ba a tambaya: uwa mai kunyar ɗan fari ba za ta ambaci sunansa ba, wadda ba ta samu haihuwa ba ba ta son a bi zancen 'ya'ya, wanda ya baro garinsu a guje da dare ba lallai ne yana son a mayar da garin abin canka ba. Dokar da ta fi kare kowa ita ce mai magana shi yake zaɓen abin da zai faɗa, tambayar jama'a kuma ba ta fita daga zance ukun da ya kawo.

Yana ɓaci kuma idan ƙaryar ta zama wayo marar daɗi, kamar mutum ya ce yana da 'yan'uwa bakwai alhali takwas ne, domin babu hanyar da wani zai gane, kuma babu abin da aka ƙaru da shi bayan an fayyace. Sai haɗarin da ya zo da wayar hannu: idan wasan ya koma rukunin WhatsApp na tsofaffin ɗalibai ko shafin Facebook, abin da aka rubuta yana zama, kuma ranar haihuwa da sunan mahaifiya da sunan makarantar firamare su ne irin bayanan da ake tabbatar da mai asusu da su, waɗanda 'yan damfara suke nema su haɗa da lambar BVN da Babban Bankin Najeriya ya ɓullo da ita a 2014.

Wasan gaskiya biyu baƙo ne da ya shigo ta ɗakin taro, kuma yana buƙatar jagora da doka da agogo kafin ya yi aiki. Amma tun kafin zuwansa akwai wata hanya da take sa Bafulatani da Babarbare da ba su taɓa ganin juna ba su fara tsokanar juna a tashar mota cikin minti ɗaya, kowa yana kiran ɗan'uwansa bawansa, a rabu ana dariya. Babi na gaba zai duba wannan wasan barkwanci na tsakanin ƙabilu da garuruwa da taubasai, da dokokinsa da ba a rubuta ba, da abin da yake faruwa da shi a unguwar da yaranta suka taso ba su san waye abokin wasansu ba.